Kyandir a Hannu, Ido a Sama: Lissafin Wata da Taurari a Tsafin Amurka da Turai

Wanda ya shiga irin shagunan nan da ake kira botanika a unguwar Bronx ta birnin New York, ko a Miami, ko Los Angeles, abin da zai fara cika masa ido shi ne kyandir. Ga su nan jere a kan kanta cikin dogayen kwalabe masu buɗaɗɗen baki, ja da kore da rawaya da baƙi. Wasu an manna musu hoton waliyyan Katolika, wasu kuma an rubuta buƙatar ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar: kuɗi, aiki, nasara a kotu, dawowar masoyin da ya yi ƙaura. Ana ce musu kyandir ɗin kwana bakwai, domin kusan kwanakin da suke yi ke nan suna ci kafin su ƙare. Mai saye zai biya 'yan daloli ya kai gida, amma da yawa ba a ranar suke ƙyasta ashana ba. Sai su ajiye kwalbar su zauna jira, wani kwana uku, wani mako biyu, har wata ya iso inda suke so.

Jiran nan shi ne zancenmu. A wurin masu wannan harka, kyandir saƙo ne, lokacin kunna shi kuma shi ne ƙofar da saƙon zai bi. In ka tambaye su, za su ce maka tsari ne guda da aka gada tun kaka da kakanni. In ka bi sawunsa kuwa, haɗin gambiza za ka tarar: agogo huɗu ko biyar aka ɗora wa juna, kowanne daga ƙasarsa da zamaninsa, kuma ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Lissafin sama ya kai shekara dubu biyu. Kyandir mai launin da ake yi wa duk wannan hidima baƙon jiya ne.

Wata na girma, wata na raguwa

Agogo na farko, wanda kusan babu mai jayayya a kansa a cikinsu, shi ne hasken wata. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, in an ɗauki matsakaici. Rabin farko haske na ƙaruwa, rabi na biyu yana zagwanyewa. Ƙa'idar ba ta da wuyar haddacewa: abin da kake so ya yi yawa, kunna masa wuta wata na girma, abin da kake so ya kau, bari sai an wuce daren sha huɗu. Kuɗi da ciniki da soyayya da ƙarin girma a wurin aiki suna sahun farko. Bashi da shaye-shaye da maƙwabci mai neman fitina da tsohon saurayin da ya ƙi haƙura suna sahu na biyu. Daren cikar wata na kowane aiki ne, shi ya sa mabiya Wika, addinin matsafan zamani da ya taso daga Ingila, ke yin taronsu a cikinsa. Kwana biyu ko ukun da wata ke ɓuya kuwa, wasu hutu suke yi, wasu kuma nan suke ajiye aikin da ba sa so a sani.

Ba matsafa suka fara wannan tunani ba, manoma ne. Pliny, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya rubuta cewa duk abin da za a sare ko a girbe a kai rumbu ya fi kyau a yi shi wata na raguwa. Har gobe akwai kalandar manoma da ake bugawa a Amurka tun 1792, tana lissafo ranakun da ta ce sun fi dacewa da shuka da yaye ɗan maraƙi, har da aski. Hikimar ita ce kama-da-kama: abin da ke girma a sama zai ja na ƙasa ya girma.

Sai dai buƙata ba ta duba kalanda. Mai gidan haya ya ba da wa'adin mako guda, wata kuma na raguwa, yaya ke nan? Nan sai a juya maganar. Maimakon a kunna don jawo kuɗi, sai a kunna don korar talauci. Kyandir dai shi ne, ɗaki shi ne, bashin haya ma shi ne. Ni wannan dabarar ta fi komai nuna mini halin dokar: ta yi taushin da babu ranar da za ta hana mutum abin da ya riga ya yi niyya.

Ga kuma inda aka yi hannun riga da magabata. Abin da aka fi yayatawa yau a intanet shi ne a ƙulla niyya a sabon wata, kuma sabon watan da suke nufi na manhajar waya ne, wato daidai mintin da wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa, ba a ganinsa ko kaɗan. Tsofaffin masana taurari, na Girka da na Larabawa da na Turai, suna lissafa wannan lokaci cikin mafi muni da za a fara wani abu. Sukan ce wata ya ƙone, hasken rana ya cinye shi, ba shi da ƙarfin kai saƙon kowa. Sai ya fito daga ƙarƙashin hasken, an hango jinjirinsa a yamma, irin tsayuwar watan da muka sani, sannan ƙofa ta buɗe.

Rana da sa'a

Agogo na biyu da na uku tare suke tafiya, kuma a nan lissafin ya fi daɗi. Mutanen da sun lura da taurari bakwai masu yawo, waɗanda ba sa zama wuri guda kamar sauran. Suka jera su bisa saurin tafiya: Zuhalu, Mushtari, Mirrihi, Rana, Zuhura, Uɗaridu, Wata. Zuhalu ne mai jan ƙafa, yana kusan shekara 30 kafin ya zagayo. Wata kuwa kwana 27 da ɗoriya ya gama. Zuhurar nan ita ce Zara, matar wata. Kowace rana a mako tana da uban gida a cikinsu. Lahadi ta Rana ce, ranar mulki da suna da lafiya. Litinin ta Wata, ta gida da mafarki da haihuwa. Talata ta Mirrihi, ta faɗa da ƙarfin hali. Laraba ta Uɗaridu, ta karatu da ciniki da tafiya. Alhamis ta Mushtari, ta arziki da shari'a. Juma'a ta Zuhura, ta soyayya. Asabar ta Zuhalu, ta ɗauri da tsari da kora.

Sunayen ranakunmu ba su ɗauke da wannan, don daga Larabci muka aro su, kuma biyar daga ciki ƙirge ne kawai, ɗaya zuwa biyar. Amma wanda ya yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram ya haddace taurarin bai sani ba. Lundi ranar wata ce, mardi ta Mirrihi, mercredi ta Uɗaridu, jeudi ta Mushtari, vendredi ta Zuhura.

To me ya sa jerin ranakun bai bi jerin taurarin ba? Me ya sa daga Zuhalu na Asabar aka tsallake biyu aka faɗa kan Rana? Amsar tana cikin sa'o'i. Ana raba yini, daga hudowar rana zuwa faɗuwarta, kashi 12. Dare ma kashi 12. Kowane kashi a ba tauraro ɗaya, bi da bi, bisa jerin can na sama, in an kai ƙarshe a sake daga farko. Tauraron da ya samu sa'ar farko bayan hudowar rana shi ne mai ranar. Ɗauki Alhamis. Sa'ar farko ta Mushtari ce, sai Mirrihi, Rana, Zuhura, Uɗaridu, Wata, Zuhalu, sai Mushtari ya dawo a ta 8, ya sake dawowa a ta 15 da ta 22. Ta 23 Mirrihi, ta 24 Rana, wadda ke biye kuma, wato sa'ar farko ta gobe, sai ta faɗa kan Zuhura. Gari ya waye Juma'a ke nan. Bakwai sau uku 21 ne, saura uku a cika 24, wannan ragowar ukun ita ke tsallakar da mako yadda yake. Wani masanin tarihin Rum, Kasiyus Diyo, ya riga ya yi wannan bayani tun ƙarni na 3.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa'ar nan ba awar agogo ba ce. Tunda yini ake rabawa, tsawonta na bin tsawon yinin. A Kano, inda dare da rana ba su da tazara sosai, ba ta nisa da minti 60 ko'ina a shekara. A Landan kuwa, yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 16 da rabi, sa'a ɗaya ta kai minti 83. Na ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba, sa'a ta tsuke ta koma minti 39. Wanda ya ɗauko jadawali daga littafi ya bi da agogon hannu, zai iya kunna kyandir ɗin soyayya a sa'ar Zuhalu yana murna.

Bahaushe dai ba baƙo ba ne a wannan fage. Kalmar sa'a da muka aro daga Larabci, can ma'anarta yanki ne na lokaci, mu kuma muka ƙara mata nauyi har muke cewa wane ya taki sa'a. Ina ganin ba banza kalma ɗaya ta ɗauki lokaci da rabo a bakinmu ba.

Gidajen wata, da rigimar da ke cikinsu

Agogo na huɗu shi ne buruji. Hanyar da rana da wata ke bi a sama an yanka ta gida 12, kowane digiri 30: Rago, Sa, Tagwaye, Ƙaguwa, Zaki, Zangarniya, Ma'auni, Kunama, Baka, Ɗan Akuya, Guga, Kifi. Rana kan yi wata guda a kowane gida. Wata kuwa gaggawa gare shi, yana cin kusan digiri 13 a kwana, don haka kwana biyu zuwa biyu da rabi ya sauya masauki. Tsohuwar ƙa'ida ta ce Ƙaguwa gidansa ne na kansa, a Sa yake samun ɗaukaka, a Ɗan Akuya baƙo ne da ba a yi maraba da shi ba, a Kunama kuma ya faɗi warwas. Masu kyandir suka ɗora nasu a kai: Sa na dukiya mai ɗorewa, Ma'auni na aure da sulhu da kotu, Tagwaye na jarrabawa, Kifi na mafarki. Kunamar da magabata ke gudu, 'yan zamani sun mai da ita gidan sha'awa da asiri, har jiranta suke yi.

Akwai matsalar da littattafan koyon tsafi ba su cika tsayawa a kanta ba. Ƙasa tana juyawa kamar katantanwar yara da ta fara layi, kuma layin nan yana zamar da taswirar sama da kusan digiri ɗaya duk shekara 72. Hipparkus na Girka ya gano haka tun ƙarni na 2 kafin miladiyya. Masu duban Turai sun ɗaure gidajensu da yanayin shekara, Rago na farawa ranar da dare da yini suka daidaita a watan Maris. Masu duban Indiya sun ɗaure nasu da taurarin da ido ke gani. A da bakinsu ɗaya, yanzu tazarar ta kai kusan digiri 24, saura ƙiris ta cika gida guda. Ma'ana, a daren da mace a Chicago ta kunna kyandir don wata yana Sa, galibi mai duba a Delhi zai ce mata watan nan yana Rago. Wata ɗaya ne, dare ɗaya, kuma kowannensu na da abokan ciniki da ke rantsuwa aiki ya ci.

Sai tarkon da ake kira wata marar alƙibla. Taurari na "gaisawa" in sun haɗu wuri guda, ko in tazararsu ta kai digiri 60, 90, 120 ko 180. Idan wata ya gama gaisuwarsa ta ƙarshe a wani gida, bai kuma shiga na gaba ba, sai a ce yawo yake yi a banza, duk abin da aka fara zai bi ruwa. Wannan na iya zama 'yan mintuna, yana iya haura kwana guda. William Lilly, mai duban Ingila da ya buga babban littafinsa a 1647, ya ce al'amura kan yi tafiyar hawainiya a irin wannan lokaci, amma ya sassauta in wata na Sa, Ƙaguwa, Baka ko Kifi. A zamaninsa taurari bakwai ake lissafi da su. Bayansa aka gano Uranus a 1781, Neptune a 1846, Pluto a 1930. Wasu sun sa su cikin masu gaisuwa, wasu sun ƙi, shi ya sa manhaja biyu a waya ɗaya za su iya ba ka lokaci biyu. Akwai kuma tarkon da suke cewa Uɗaridu na ja da baya, sau uku ko huɗu a shekara, kusan mako uku-uku, wannan ba sai mun tsaya ba: ba baya yake yi ba, wuce juna ne a kan hanya ke sa ido ya ga haka.

Daga Bagadaza zuwa New Orleans

Zaɓen lokaci da taurari ba wasan yara ba ne a da, aikin fada ne. Da Halifa Mansur zai aza harsashin Bagadaza a shekarar 762, masana taurari ne, ciki har da Naubakhtu da Masha'allahu, suka tsayar masa da rana. A Andalus aka rubuta wani littafin Larabci, Gayatul Hakim, mai koyar da yadda ake haɗa ɗalasimai a daidai sa'ar tauraro. A 1256 Sarki Alfonso na 10 na Kastil ya sa aka juya shi zuwa Sifaniyanci, daga nan ya shiga Latin da sunan Picatrix, ya zama rijiyar da matsafan Turai suka yi ta ɗiba. Agrippa, Bajamushen da ya tattara wannan ilimi cikin littattafai uku da suka fito cikakku a 1533, ya sha daga cikinta, kuma yawancin jadawalin da ke yawo a intanet yau jikokin nasa ne.

Reshen kogin nan ya biyo ta wajenmu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya je hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, ya yi rubutu a kan hatimi, ya kuma bar littafi sukutum a kan ɗalasimai da taurari. Ga kuma manzilolin wata 28, waɗanda tsofaffin manoma a ƙasar Hausa ke ƙirga damina da sunayensu, Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowanne kusan kwana 13.

Amma duk cikin waɗancan tsofaffin littattafai, kayan aikin turare ne da ƙarfe da dutse da zane. Ana jiran sa'a a sassaƙa zobe ko a zana hatimi, a gama kafin ta fita. Koren kyandir na kuɗi da ja na soyayya ba su cikin lissafi, kuma dalilin na aljihu ne. Kyandir ɗin talakan Turai na kitsen tumaki da shanu ne, ga wari ga hayaƙi. Na kakin zuma sai coci da masu hannu da shuni. Sai a shekarun 1850 aka fara yin kyandir mai araha da kakin farafin, a 1856 kuma wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya haɗa rinin farko na masana'anta. Bayan nan ne launi ya zama abin da kowa zai iya saye ya ƙona.

Wurin da ya fi karɓar sabon abin shi ne New Orleans, birnin Katolika mai al'adar kunna wa waliyyai kyandir, kuma matattarar baƙaƙen fatan Amurka masu tsubbun da suke kira Hoodoo, wanda ya gauraya gadon Afirka da karatun Zabura da maganin gargajiya. Marubuciya Zora Neale Hurston ta zauna da bokayen birnin, ta buga jerin launukansu a 1935. A jerin nata rawaya ce ta kuɗi, kore kuwa na kora ne, ko da yake ta ce wasu na amfani da shi don nasara. A 1942 wani mai rubutu da sunan Henri Gamache ya fitar da ɗan littafin ƙona kyandir a New York, shagunan magani suka yi ta sayar da shi har ya zama ma'auni. Yawancin bokayen Hoodoo ma ba su damu da buruji ba. Wasunsu hannun agogon bango suke bi: in hannayen na hawa sama a yi aikin jawowa, in suna sauka a yi na kora.

Ɗaurin auren kyandir da cikakken lissafin taurari ya zo ne ta hannun 'yan Wika. Ingila ta soke dokar hana maita a 1951, Gerald Gardner ya fito fili da addinin a 1954, Raymond Buckland ya kai shi Amurka, a 1970 kuma ya buga nasa littafin kyandir mai haɗa launi da rana da buruji. Ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 ta samu mutum kusan 13,000 da suka rubuta Wika a matsayin addini. Masu taɓa abin ba tare da shiga addinin ba sun fi haka nesa, tunda binciken cibiyar Pew na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na manyan Amurka sun yarda da duban taurari. Da abin ya shiga TikTok kuwa sai ya zama na kowa. A Yulin 2020 har jita-jita ta tashi cewa wasu sababbin shiga sun yi wa wata kansa asiri, tsofaffin hannu suka yi kwanaki suna tsine musu.

A gwada haɗa su wuri guda

A ce wata mata a Landan tana neman aiki a ƙarshen shekara. Littafinta ya ce koren kyandir, ranar Alhamis, sa'ar Mushtari, wata na girma, yana gidan Sa, bai rasa alƙibla ba. Tun a launi za ta fara cin karo da saɓani, don a tsarin ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, kore na Zuhura ne, na Mushtari shuɗi. Koren kuɗi da wuya a raba shi da launin takardar dala. Ta dai zaɓi kore. Za ta karce sunanta a jikin kakin da allura, ta shafa masa mai tana jawo hannu zuwa wajenta, don in turawa ta yi kora ce, ta ninke takardar buƙata ta sa ƙarƙashi. A ƙarshen Disamba rana na hudowa wajen 8:04, sa'ar Mushtari ta farko ta ƙare 8:43, ta biyu ta fara wajen 12:37. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne wata ba ya zama a Sa yana girma sai tsakanin ƙarshen Oktoba da Mayu, sau shida ko bakwai, kwana biyu da 'yan awoyi kowane zuwa. A cikinsu, waɗanda za su faɗo a Alhamis ba su wuce biyu ko uku ba a shekara. Shi ya sa kusan kowane littafi, bayan ya gama jero sharuɗɗa, sai ya ce a ɗauki abin da ya samu, niyya ce gaba.

In kuma ta dace duk sun haɗu, kyandir ɗin na kwana bakwai ne. Kafin ya ƙare ya ratsa ranar Mirrihi da ta Zuhalu, wata ya ci digiri 90 da ɗoriya, ya sauya gida uku. A Disamba, in wata na Sa, kwanaki kaɗan suka rage ya cika, don haka wani kaso mai yawa na kyandir ɗin jawo arziki zai ƙone ne wata na raguwa. Amsarsu ita ce lokacin kunnawa kaɗai ake dubawa, kamar yadda ake duba lokacin haihuwa. To, amma ka ga ɗinkin ya fito: riga ce da aka yanka wa zobe da hatimi, abin da ake gamawa cikin sa'a guda, aka sa wa abin da ke mako yana ci.

Yana ci ko ba ya ci?

Rabin lissafin gaskiya ne tsantsa. Ranar da wata zai cika, da mintin da rana za ta hudo, da lokacin husufi, duk ana iya faɗinsu shekaru kafin su zo. Wata na jan ruwan teku, wannan ma ba musu. Wani bincike da aka buga a 2021, a kan wasu ƙauyukan Ajantina da ɗaliban jami'a a Seattle, ya samu mutane na jinkirin kwanciya suna kuma rage barci a dararen da ke gab da cikar wata. Daga nan zuwa cewa wata na sa manaja ya ɗauki wance aiki, tafiyar ba ta da gada. A 1985 wasu masana biyu, Rotton da Kelly, suka tattara bincike 37 a kan wata da halin ɗan Adam, hauka da kisa da sauransu, ba su samu alaƙar da za a kafa hujja da ita ba. A shekarar ce kuma mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba masu duba taswirar yadda taurari suke a lokacin haihuwar mutum su gano mai ita, ba su fi mai cankar ƙuri'a ba.

Abin da nake zargin yana aiki shi ne jiran kansa. Matar da ta yi kwana tara tana duba kalanda saboda aiki, ta rubuta buƙatarta a takarda, ta zauna shiru gaban wuta, da wuya ta kwana ba ta aika takardar neman aikin ba. In ta samu, kyandir ya ci. In ba ta samu ba, akwai sharuɗɗa shida da za a ɗora wa laifi, kuma da wuya a rasa ɗaya da ya kuskure.

Ta fuskar addini maganar a fili take. Malaman Musulunci sun raba ilimin taurari biyu: na sanin tafiyarsu don gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina, wannan halal ne, kuma shi manoman can ke yi, da na jingina musu tasiri a kan rabon bawa, wannan an hana. Hadisin ruwan saman Hudaibiyya da ke Buhari da Muslim ya tsawatar a kan cewa tauraro kaza ne ya kawo ruwa, kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, ya gaya wa mutane rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Cocin Katolika, wadda hotunan waliyyanta ke manne a kwalaben, ita ma ta haramta duban taurari a sakin layi na 2116 na kundin koyarwarta.

Bayan kwana bakwai wuta ta mutu, sai a ɗauki kwalbar a karanta. In ta fito tas, an karɓa. In baƙin hayaƙi ya tsaya a sama kawai, an samu cikas amma an wuce; in ya sauka har ƙasa, akwai mai hannu a ciki, sai a koma shago a sayi wani kyandir na warware ƙulli, a jira wata ya fara raguwa. Masu masana'antar kyandir su ma suna da nasu karatun na baƙin hayaƙin, suna ma buga shi a takardar gargaɗin da ke manne da kaya: lagwani ne ya yi tsawo, ko iska na kaɗa harshen wutar. Shawararsu a datse lagwanin ya koma kamar milimita 6 kafin a kunna, a nisanta kwalbar da taga da labule.